An Tara da Sunansu, Ina Lissafin?

Akwai sana'ar da ta bunƙasa a gabashin Sakkwato cikin shekarun nan, wadda ba ta buƙatar gona, ba ta buƙatar rumfa a kasuwa. Jarinta masifar wasu. A kashe mutane a Rabah, ko ruwa ya ci gari a Goronyo, ko a tashi ƙauye a ƙasar Wurno, kafin a yi sadakar bakwai an buga takardar neman taimako, an buɗe asusu a banki, an sa ranar ƙaddamar da gidauniya. Kuɗi su shigo. Daga nan sai shiru.

Jama'a, shirun nan ya isa haka.

A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya bi kwarin Rima yana cin garuruwa da gonaki. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe sama da mutum 30, waɗanda suka tsira suka kwararo Gandi, mata da yara suka cika makarantar firamare. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021, kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci aka buɗe wa mutane wuta, gwamnatin jiha da bakinta ta ce mutum 43 ne suka mutu. A watan Agusta na 2025 kwalekwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar wannan kasuwa.

Kowane karo manya sun zo jaje. Motoci sun yi jerin gwano, an ɗaga hannu an yi addu'a, an yi alƙawari a gaban kyamara.

To, duk wanda ya taɓa ganin takarda manne a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma ko a bangon masallacin Juma'a, wadda ke cewa ga abin da aka samu, ga wanda ya bayar, ga wanda aka ba, ga abin da ya rage, ya fito ya nuna mana ita.

Kowa ya san yadda ake ƙaddamar da gidauniya a ƙasar nan. A babban ɗakin taro ake yi cikin birni, nesa da waɗanda ake yi dominsu. Uban taro yana da kujerarsa, babban baƙo yana da tasa, babban mai ƙaddamarwa yana tsakiya. Sanƙira ya riƙe lasifika yana kirari. Wane ya miƙe, ya saɓa babbar riga, ya ce shi da iyalinsa sun ba da miliyan kaza. A yi tafi, a yi guɗa, da yamma rediyo ta faɗi sunansa.

Bayan mako biyu ma'ajin kwamiti ya je ƙofar gidansa. Maigadi ya ce Alhaji yana hutawa. Ya koma, a ce Alhaji yana Abuja. Ya sake komawa, a ce ya tafi Umara.

Ya sayi suna da kuɗin da bai fitar ba. Wane suna za a ba wannan in ba ƙarya ba? Ƙaryar kuma da gawar bayin Allah aka yi ta.

Kada wani ya ce ƙage ne. Bayan ambaliyar 2012 an kafa kwamitin ƙasa ƙarƙashin Aliko Dangote da Olisa Agbakoba, aka yi liyafar tara kuɗi, sai da ta kai kwamitin yana barazanar wallafa sunayen waɗanda suka yi alƙawari suka ƙi cikawa. A ƙarshen Yuli 2014 aka sake yin wata liyafar a Abuja domin waɗanda rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita, asusun da Janar T. Y. Danjuma ya shugabanta. An yi alƙawarin sama da naira biliyan 58. Shekara ta zagayo, abin da ya shiga asusun bai kai rabi ba. Waɗanda suka yi alƙawarin nan a gaban shugaban ƙasa suka yi shi. Wanda bai ji kunyar wannan zama ba, zai ji kunyar tsohuwar da ke kwance a ajin makaranta a Gandi?

Ɓarnar alƙawarin ƙarya ta wuce rashin kuɗin kansa. Ɗan kasuwar da ya yi niyyar aika buhun gero ya ji a rediyo an tara miliyoyi, sai ya mayar da buhunsa rumbu, a tunaninsa an wadatar. Mutanen garin da suka sauki 'yan gudun hijira su fara yi musu kallon masu ɓoye abin duniya. Shi kuwa wanda aka yi abin da sunansa, ga yunwa, ga zargi.

Waɗancan masu ƙin bayarwa ke nan. Akwai kuma masu karɓa su danne.

A watan Oktoba na 2020 jama'a suka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama, suka tarar da kayan abincin tallafin korona jibge, wata da watanni bayan kullen da aka tara su dominsa. A watan Janairu na 2024 shugaban ƙasa ya dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, kan takardar da ta nemi a tura naira miliyan 585 na tallafin marasa galihu cikin asusun wata ma'aikaciya. Ma'aikatar da aka kafa domin masu rauni ke nan. In ana haka a sama, me ake jira a ƙasa?

A ƙasa akwai ƙungiyoyin da ofishinsu jaka ce. Shugaba shi ne ma'aji, ƙaninsa ne sakatare, matarsa ce shugabar mata. Suna da takarda mai tambari, suna da suna mai daɗi da marayu ko zawarawa a cikinsa. Ba su taɓa kwana a Gandi ba, amma suna da hotunan Gandi.

Hotunan nan su ne suka fi ci mini rai. A sami yaron da tamowa ta cinye, haƙarƙarinsa a waje, a ɗauke shi yana kan cinyar uwarsa, a watsa a Facebook da TikTok, a ƙasa a rubuta lambar asusu da sunan mutum ɗaya. Wa ya nemi izinin uwar? Wa ya gaya mata cewa fuskarta tana yawo har ƙasashen waje? Nawa aka turo saboda hoton ɗanta, nawa ya iso hannunta? Matar da a garinsu ba ta fita ƙofar gida sai da mayafi, yau dubban baƙi suna kallon hawayenta domin wani ya samu alat.

A je wurin rabon a gani. Mata sun yi layi tun hantsi, rana tana dukansu, goyo yana kuka. Buhunan suna jere, kowane ɗauke da hoton ɗan siyasa wanda ya fi rubutun nauyin buhun girma. A kira mace ɗaya, a ɗora mata buhu, a ce ta ɗaga kai, a ɗauki hoto. Baƙi su shiga mota. Sannan a farke buhun a raba wa gida huɗu da kwano.

Jerin sunayen kuwa tun jiya aka rubuta shi a zauren shugaban jam'iyya na mazaɓa. Tsohuwa ta matso ta ce, "Ɗana, ni ban ji sunana ba." Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, sai zagaye na gaba." Shi da ita duk sun san babu wani zagaye.

Idan aka tambayi masu kwamiti lissafi, uzurin ba ya ƙarewa. Abin gaggawa ne, babu lokacin rubutu. Masu bayarwa ba sa son a faɗi sunansu. Don Allah muke yi, me ya kawo tuhuma?

To, a shiga ƙauyen da aka sace wa mutane a ga yadda ake tara kuɗi. Mai unguwa ya zauna a zaure, malamin makaranta ya buɗe littafi. Gidan wane dubu kaza. Wance ta sayar da akuyarta. Wane ya jinginar da fadamar albasa. Ɗan garin da ke ci-rani a Kudu ya turo nasa ta hannun mai POS. Bayan sallar la'asar a karanta komai a ƙofar masallaci, kowa ya ji nasa, kwabo ba ya ɓata. Abin takaici ne a ce talaka yana karo-karo domin ya fanshi matarsa daga hannun azzalumi, ko ya biya harajin da ɗan bindiga ya ɗora masa kafin ya girbe gonarsa. Amma ko a cikin wannan ƙunci, da tsoro a zuci da wa'adin kwana uku a wuya, yana rubutawa, yana karantawa.

Wanda bai yi boko ba ya iya. Mai digiri da kwamfuta da akanta ne zai ce lissafi ya gagare shi?

Masu fakewa da "don Allah muke yi" su fi kowa sanin cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani tana magana ne kan rubuta bashi da kafa shaidu. Su san labarin sahabin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, aka hau mumbari aka tsawatar a gaban jama'a. Kuɗin sadaka amana ne. Mai riƙe da amana ba ya fushi don an ce ya nuna ta.

Kuma a wace ƙasa ake wannan? Wurno ribaɗi ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a cikinta domin ya tsare iyaka da kansa, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Shi ne ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa, kan yadda shugaba zai riƙe jama'a ya kuma sa ido a kan ma'aikatansa. Mahaifinsa Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙ, ya lissafa karɓar gaisuwa da cin hanci a wurin shari'a cikin abubuwan da aka yi jihadi domin a kawar. Ana zuwa ziyara Wurno, ana alfahari da sunayen nan a kowane jawabi. A kuma fito daga ziyarar a danne buhun marayu.

Akwai abin da ya fi wannan duka girma, wanda masu gidauniya ba sa ko ambatonsa.

Shinkafa tana ƙarewa cikin mako guda. Abin da ya kori mutum daga gidansa yana nan. Mutanen gabashin Sakkwato ba fari ne ya tashe su ba. Suna da Rima, suna da madatsar da aka gina ta ɗauki ruwa cubic mita miliyan 942, suna da fadamun da ke ba ƙasar nan albasa da tafarnuwa da shinkafa. Rashin shari'a ne ya tashe su. An daɗe ana nome burtali ba a hukunta ba, ana cinye gona ba a biya ba, ana sayen hukunci a kotun ƙauye, ana kama mutum a sake shi in ya sayar da saniya. Kwanaki kaɗan kafin harin kasuwar Goronyo, 'yan sa-kai sun kashe mutum 11 a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa. Jinin da ba a kai gaban alƙali ba, wani jinin yake jawowa.

Wa aka gurfanar kan Tabanni? Wa aka yanke wa hukunci kan Goronyo? Wa aka tuhuma kan Mamande? Iyalan mutum 43 ɗin nan na Goronyo, wane lauya ne ya tsaya musu ya nemi diyya?

Mutanen Rabah sun fi kowa sanin darajar lauya. Ahmadu Bello a Rabah aka haife shi, ya yi hakimcinta tun 1934. A 1943, yana aiki a Gusau, aka zarge shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, lauya Bode Thomas ya tsaya masa, aka wanke shi. Jinin Shehu ne, Sardauna ne, yana da ilimi, yana da abokai, duk da haka sai da lauya ya tsaya masa kafin ya fita. Da bai samu ba, da wataƙila Arewa ba ta san Firimiyanta ba.

To ina ga ɗan mai noman tafarnuwa a Lugu, da aka kwashe a samame saboda an gan shi a hanyar daji?

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, ba a same su da laifin komai ba. An rubuta a ofisoshin 'yan sanda cewa beli kyauta ne, kowa kuma ya san farashinsa. Hukumar ba da lauya kyauta ta ƙasa tana nan tun 1976, amma lauyoyinta kaɗan ne, kuma a birni suke. Uwar da ɗanta ke tsare a Sakkwato sai ta nemo kuɗin mota daga Gandi, ta je a ce an ɗage zama, ta dawo, ta sake nema. A karo na nawa za ta haƙura? Ga matar da aka kashe wa miji, dangi suka hana ta gado. Ga wanda ya yi shekara uku a gudun hijira, ya koma ya tarar wani yana noma gonarsa.

Wa ya taɓa jin an ƙaddamar da gidauniyar ɗaukar wa waɗannan lauya? Wane attajiri ne ya ce zai riƙa biyan albashin lauya ɗaya a Wurno, ɗaya a Rabah, ɗaya a Goronyo, su zauna ranar kasuwa talaka ya same su? Kuɗin da ake kashewa a hayar ɗakin taro da abincin manyan baƙi a ƙaddamarwa ɗaya zai yi nisa a wannan aiki.

Ba a yi, domin fitar da mutum daga kurkuku ba ya ɗaukar hoto mai kyau, kuma ba a buga fuskar kowa a jikin takardar beli. Domin kuma lauyan da ya fara da belin talaka, wata rana zai tambayi wanda ya ci kuɗin kwangilar titi.

Cikin rukunin mutane takwas da aka ce a ba zakka akwai wanda bashi ya danne, akwai 'yanta wuyaye. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. Masu dukiyar da ke tara almajirai a ƙofar gida suna watsa musu canji da azumi, su nawa ne suka taɓa tsayar da waƙafin gida ko shago domin a riƙa fitar da wanda tarar dubu ashirin ta riƙe a gidan yari?

Sai ƙungiyoyin waje. Gaskiya ɗaya ce: wasunsu sun yi aikin da mu muka ƙi yi. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna tallafa wa asibitin cutar noma, mai cin baki da fuska, da ke Sakkwato tun 2014, suna gyara fuskokin yaran da talauci ya cinye wa baki. Mafi yawan kuɗinsu daga ɗaiɗaikun mutane yake fitowa, irin tsohuwar da ke cire wani abu daga fanshonta duk wata a Faransa ko Holan, wadda ba ta san inda Goronyo take ba. Kuma duk shekara suna wallafa abin da suka samu da abin da suka kashe. Baƙo yana ba da lissafi, ɗan gida yana ganin tambayar raini ce.

Amma su ma manyan hukumomin duniya suna da abin amsawa. Shekara da shekaru shirin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya yana tsaye kan Borno da Adamawa da Yobe, MSF tana ta kururuwar a dubi Arewa maso Yamma. Alhali ƙididdigar hukumar NBS ta 2022 ta nuna kashi 91 cikin ɗari na mutanen jihar Sakkwato suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, babu jihar da ta kai ta. Yunwar yaron Rabah ta fi ta yaron Bama sauƙi ne?

Kuɗin da ake nemowa daga waje da sunan gyaran shari'a da kare haƙƙin ɗan Adam kuwa, 'yan gida sun koyi yadda ake mayar da shi taron bita. Otal a birni, allo mai ɗauke da tamburan masu ba da kuɗi, shayi da safe, shinkafa da kaza da rana. Fuskokin da suka zo bitar zaman lafiya jiya su ne a bitar haƙƙin mata yau. A sa hannu a takardar halarta, a karɓi kuɗin mota, a watse. Rahoto ya tafi Turai cewa an wayar da kan mutum kaza. A wannan ranar, a wannan garin, wani yana cika shekara biyu a tsare ba a taɓa karanta masa tuhuma ba. Cikin masu alawus ɗin nan, wa ya bi ta gidan yari a hanyarsa ta komawa gida?

Yanzu ma baƙon ya fara naɗe tabarmarsa. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje, zuwa tsakiyar shekara an rufe hukumar ba da tallafin, USAID. Wasu ƙasashen Turai su ma sun rage nasu. MSF ta ce a wata shida na farkon 2025 yara 652 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina kaɗai. Katsina ba nisa gare ta ba.

Wa zai cike gurbin? Mu ne. Kuma ba za mu iya ba muddin ɗan kasuwar kirki yana tsoron bayarwa saboda ya ga inda na bara ya tafi. Masu cin gidauniya sun saci kuɗin jiya, sun kuma kashe zuciyar mai bayarwa na gobe.

Saboda haka, jama'a, laifin ya fara zama namu in muka ci gaba da tura kuɗi ido rufe. Doka ta wajabta wa kowace ƙungiya mai rajista ta miƙa rahoton shekara ga hukumar CAC, ta kuma yi rajista da sashen SCUML na EFCC. Tambayar takardun nan ba rashin kunya ba ce. Wanda ya ba ku lambar asusu mai sunansa shi kaɗai, ku tambaye shi su wa ke sa hannu tare da shi. Wanda ya ce ya raba kaya a Gandi, ku kira wani ɗan Gandi ku ji.

Iyayenmu hakimai, ranku ya daɗe, kujerarku ce ke ba taron nan kwarjini. Kada ku zauna a sabuwar ƙaddamarwa sai an karanta lissafin tsohuwar a gabanku, da Hausa, a garin da aka tara kuɗin dominsa. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku, kada a ba da sanarwar neman taimako a masallacinku sai mai nema ya yarda zai dawo wannan masallacin ya faɗi yadda aka kashe. Lauyoyin da suka fito daga Wurno da Rabah da Goronyo suna da yawa a Sakkwato da Abuja, kuma kowannensu ya san hanyar garinsu da ranar kasuwarsa.

Ɗan jaridar da ya karanta alƙawarin wane a labaran yamma kuwa, ya koma bayan wata uku ya karanta mana ko ya biya ko bai biya ba, da sunansa da adadin da ya faɗa.